Hasken da Ido Ba Ya Gani da Motsin da ke Cikin Enzayim



In har kana sauraronmu ne da lomar tuwo a bakinka, ko gurasa, ko dafaffen rogo, ina roƙonka ka ɗan jinkirta haɗiya. Ci gaba da taunawa. Can za ka ji wani ɗan zaƙi yana tasowa, alhali ba ka sa sukari ba. Wani ma'aikaci ne a cikin yawunka yake daddatsa sitacin abincin yana mai da shi sukari. Irin wannan ma'aikaci shi masana ke kira enzayim. Mai kunun zaƙi ta san aikinsa, shi ya sa take zuba tsiro ko dankalin Hausa don kunu ya tsinke ya yi zaƙi. Bafulatanar da ke sa ruwan tumfafiya a madara don ta kama ta zama cuku, ita ma enzayim ta ɗauka aiki. Haka uwar gidan da ke naɗe tsohon nama a ganyen gwanda don ya yi laushi. Mun daɗe muna cin moriyar waɗannan ma'aikata tun kafin wani ya raɗa musu suna.

Abin da ya hana masana barci a kansu shi ne sauri. A 1995 Richard Wolfenden da Anna Radzicka na Jami'ar Karolina ta Arewa a Amurka sun auna wani sauyin sinadari da jiki ke bukata wajen ƙera tubalan ƙwayoyin gado. Sun gano cewa in aka bar shi a ruwa shi kaɗai, sai an yi shekara miliyan 78 kafin rabinsa ya sauya. Da enzayim ɗinsa kuwa, kafin ƙiftawar ido an gama. Tambayar da ke gabanmu yau ita ce, ta yaya? Kuma ta yaya mutum zai leƙa ya ga abin da ke gudana a wurin?

Enzayim furotin ne, wato doguwar sarƙa ta ɗaruruwan ƙananan tubala da ta nannaɗe ta dunƙule. Amma duk girman dunƙulen, aikin a wani ɗan lungu ake yinsa, ɗan rami ko tsaga inda sinadarin da za a sarrafa yake shiga ya zauna. Wannan lungu shi zan riƙa kira gurbin aiki. A 1894 Bajamushe Emil Fischer ya kwatanta shi da kwaɗo da mabuɗi: kowane enzayim da irin sinadarin da ya dace da bakinsa. Kwatancen ya yi kyau, har yau shi ake fara koya wa yara a makaranta. Sai dai kwaɗo ƙarfe ne, ba ya motsi. A 1958 Daniel Koshland ya ce a'a, gurbin yana lanƙwasawa ya rungumi abin da ya shigo. A 1965 kuma David Phillips da abokan aikinsa a Landan suka fitar da cikakkiyar surar enzayim ta farko, ta laisozayim, wanda ake samu a farin ƙwai da kuma hawaye. An daskarar da shi ya zama ƙwayoyi irin na gishiri, aka haska masa hasken ekis-re, aka gano mazaunin kowane atam.

Wannan babban aiki ne, ba na raina shi. Amma hoto ne. Wanda aka nuna wa hoton 'yan kokawa biyu sun sarƙe, ya ga ƙirarsu, ya ga inda kowa ya kama, sai dai bai ga kaye ba. Tun da wuri ma hoton ya tona asirin kansa. John Kendrew ya fitar da surar mayogulobin a 1958, furotin ɗin da ke ajiye iskar oksijin a cikin tsoka. Shi ba enzayim ba ne, amma darasinsa ya shafi kowa. Da aka duba surar da kyau, sai aka tarar babu wata buɗaɗɗiyar ƙofa da oksijin zai bi ya isa inda yake zama. To amma yana shiga, yana fita, in ba haka ba da babu mai rai. Ke nan dole furotin ɗin yana motsi, yana buɗewa yana rufewa. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wannan fage sai ya kasance gani ya kawo mu bakin ƙofa ya tsaya, ana bukatar wani abu mai kama da ji.

Kafin mu je can, bari mu daidaita agogo, don wannan duniya ba da daƙiƙa ake auna ta ba. Ɗauki daƙiƙa 1 ka raba ta gida miliyan 1. Ɗauki kashi 1 daga ciki ka sake raba shi gida miliyan 1. Abin da ya rage a hannunka shi ne fikosakan. Haske, wanda ke zagaye duniya fiye da sau 7 a daƙiƙa guda, a cikin fikosakan 1 tafiyarsa ba ta kai faɗin ƙwayar gero ba. In ka sake raba fikosakan gida 1,000, ka samu femtosakan. A wannan zango ne atam ke rabuwa da atam, wani ya haɗu da wani. Ɗan Afirka ne ma ya buɗe wannan ƙofa, Ahmed Zewail, haifaffen Damanhur a ƙasar Masar, wanda ya karɓi lambar Nobel a 1999 saboda amfani da walƙiyar lesa mai tsawon femtosakan wajen bin diddigin sauyin sinadarai. Ina son ambaton sunansa duk sanda dama ta samu, don yaranmu su san wannan ilimi ba gadon gidan kowa ba ne.

To, ina hasken da za a yi aikin da shi? A shekarar 1800 William Herschel a Ingila ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya warwatsu ya zama launukan bakan gizo. Ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gota ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ma'aunin ya ƙara hawa. Ashe akwai haske a bayan ja. Shi ne infared. Danginsa ne ke fita daga rimot ɗin talabijin, shi ne kuma abin da na'urar da ake nuna wa goshin mutum a filin jirgi take karantawa.

Ga inda ya shafi maganarmu. Atam biyu da suka haɗu, ɗaurin da ke tsakaninsu ba sandararre ba ne. Yana miƙewa yana tsukewa, ba dare ba rana, kuma kowane irin ɗauri da saurin karkarwarsa. Ɗaurin kabon da oksijin, alal misali, yana kai da komo kusan sau tiriliyan 50 a daƙiƙa. In hasken infared mai daidai wannan saurin ya zo wucewa, sai ɗaurin ya shanye shi. Mai bincike yana aika haske iri-iri ta cikin samfurinsa, ya duba wanne ne bai fito ta ɗaya gefen ba. Wannan shi ne awon bakan infared. Ba sauti ake ji da kunne ba, haske ake aunawa, amma tunda maganar karkarwa ce, kwatance da kiɗa ya fi komai kusa da gaskiya.

Ka tuna kalangu. Fata ɗaya ce, gula ɗaya ce, amma in makaɗi ya matse igiyoyin a hammatarsa sai murya ta hau, in ya saki sai ta sauka. Wanda ke bayan katanga, bai ga makaɗin ba, amma in ya san kiɗa, daga hawa da saukar muryar zai gaya maka yadda hannun yake matsawa da saki. Ɗaurin sinadari ma haka yake. In wani ɓangare na furotin mai ɗauke da cajin lantarki ya matso kusa da shi, saurin karkarwarsa ya ɗan sauya. In ya ja da baya, ya sake sauyawa. Ke nan in ka samu ɗauri ɗaya zaune a tsakiyar gurbin aiki, ka kasa kunne gare shi, ka samu kalangun da enzayim ya rataya a hammatarsa.

Sai dai akwai cikas, kuma ba ƙarami ba. Furotin cike yake da ɗaurin kabon da oksijin, ɗaruruwa, kowane tubali da nasa. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, duk sun taru tsakanin lamba 1,600 da 1,700. Kai mai murɗa akwatin rediyo ka san yadda abin yake in tashoshi suka cunkushe a mita ɗaya, ba ka jin kowa sai hayaniya. Ruwa ma, wanda enzayim ba ya aiki sai a cikinsa, yana shan infared sosai a daidai wannan wuri. Shi ya sa ake yawan amfani da ruwa mai nauyi, a kuma matse samfurin tsakanin tagogi biyu har kaurinsa ya koma kamar na gashin kai. Tagogin ma ba na gilashi ba ne, don gilashi yana tare wannan haske, da wani gishiri ake yin su mai suna kalsiyam fulorayid.

Abin da ya ceci masana shi ne, in ka ci gaba da murɗawa, daga wajen 1,800 zuwa 2,500, layin kusan shiru yake. Furotin ba shi da tasha a nan. Sai aka ce to a nemo ɗan leƙen asiri wanda muryarsa ke fita a wannan zango, a tura shi cikin gurbin. Na farkon da aka fi amfani da shi shi ne iskar kabon monoksayid. Masu sauraro, wannan ita ce gubar nan ta hayaƙin janareta da ke hallaka iyali a ɗaki cikin dare, kuma ina roƙo kada kowa ya kwana da janareta a cikin gida ko a bakin taga. Abin da ya sa take kisa shi ne tana zama daram a mazaunin oksijin a cikin jini ta ƙi tashi. Wannan halin nata ne ya sa ta yi amfani a ɗakin bincike: tana zaune a ainihin wurin da ake son leƙawa, kuma muryarta na fita wajen 1,950, inda babu mai damun ta. Bayan ta akwai azayid, mai atam 3 na naitirojin a jere, da kuma naitiril, wato kabon ɗaure da naitirojin.

Awo na yau da kullum yana gaya maka muryoyin da ke akwai, amma ba ya gaya maka saurin sauyawarsu. A ce ka ji tarin makaɗa, wasu muryarsu sama, wasu ƙasa. Shin kowa ya kafe ne a kan tasa muryar, ko kuwa kowannensu yana hawa yana sauka? Daga ji ɗaya ba za ka sani ba. Dabarar da ta warware wannan ta bayyana a 1998 a ɗakin binciken Robin Hochstrasser a Jami'ar Fensilbeniya, tare da Peter Hamm da Manho Lim. Ana kiranta awon infared mai fuska biyu. Michael Fayer na Jami'ar Stanford shi ma ya yi aiki mai yawa a wannan fanni. Yadda ake yi shi ne, a aika walƙiyar lesa gajeriya ƙwarai ta yi wa ɗaurin tambari, wato a rubuta muryarsa a wannan lokaci. A jira fikosakan 1, ko 2, ko 5. A sake aika wata walƙiya a tambaye shi: yanzu ina muryarka take? In tana nan inda aka bar ta, kewayensa bai motsa ba. In ta sauya, an yi motsi. A maimaita da jira iri-iri, sai a ga tsawon lokacin da ɗaurin ke ɗauka kafin ya manta muryarsa ta farko. Wannan mantuwar ita ce agogon motsin gurbin.

Yanzu bari in kai ku Jami'ar Ayowa, inda aka yi aikin da ya fi ɗaukar hankalina. Christopher Cheatum masanin lesa ne, Amnon Kohen kuwa masanin enzayim, suka haɗa kai a kan wani enzayim mai suna fomet dihaidirojines, a taƙaice FDH. Aikinsa mai sauƙin faɗa ne. Yana karɓar fomet, gishirin wani asid da aka fara samowa daga jikin tururuwa, ya zare masa haidirojin ɗaya ya miƙa wa wani mataimaki da ake kira NAD, wanda jiki ke ƙerawa daga bitamin B3. Abin da ya rage na fomet ɗin ya zama iskar kabon dayoksayid ya fice. Fomet a lanƙwashe yake, kabon dayoksayid kuwa a miƙe sambal. Ke nan a tsakiyar aikin, a daidai ƙololuwar tudun wahalar da dole sai an haura kafin sauyin ya faru, sinadarin yana kan miƙewa ne amma har yanzu yana ɗauke da caji.

Nan ne azayid ya shigo. Shi a miƙe yake kamar kabon dayoksayid, kuma yana da caji kamar fomet. Enzayim ɗin yana ɗaukarsa tamkar abin da ke kan ƙololuwar tudun, ya rungume shi gam, amma ba ya iya sarrafa shi. Sai ya zama an tsayar da enzayim ɗin a yanayin da ya fi kowane muhimmanci, kuma abin da ya tsayar da shi yana da murya a zangon shiru, wajen 2,050. Ba kullum ake dacewa irin wannan ba.

A 2010 suka wallafa abin da suka gani. In enzayim da azayid ne kaɗai, babu NAD, azayid ba ya gama manta muryarsa a cikin lokacin da na'ura ke iya jira. Ma'ana gurbin yana da sura iri-iri, wannan ƙwaya ta enzayim a wata sura, waccan a wata, kuma sauyawa daga wannan zuwa waccan tana ɗaukar lokaci mai tsawo. Haka aka saba gani a sauran furotin. Amma da aka sa NAD, ma'aikata suka cika, sai labari ya sauya. Mantuwar ta kammala tsaf cikin 'yan fikosakan kaɗan, lambar da suka bayar ita ce 3.2. Mai sauraro zai iya cewa ai wannan ya nuna motsi ya ƙaru. A'a, akasin haka ne. Abin da ya nuna shi ne surorin da suka rage wa gurbin 'yan kaɗan ne kuma kusa da juna, har yana iya zagaye su duka nan take. Tunkiyar da aka ɗaure da gajeriyar igiya, cikin ɗan lokaci ta gama taka duk inda za ta iya takawa. Manyan motsin nan masu jan lokaci sun ɓace. Gurbin ya tsuke, ya kafe, sai 'yar karkarwa.

Wannan ya burge ni ƙwarai. An ƙera na'ura mai tsada don a ga rawar enzayim, da aka leƙa a lokacin da ya fi dacewa, sai aka tarar da shi ya natsu. Duk wanda ya taɓa kallon wanzami yana aiki ya san wannan. Ya yi ta kai da komo, ya gyara zama, ya juya kan yaro, ya wasa aska. Amma sanda aska za ta taɓa fata, hannun ba ya rawa.

Ba su tsaya nan ba. Da na'urarsu ta ƙara kyau, a 2016 suka ba da rahoton cewa 'yar karkarwar da ta rage ba duka ce hargitsi ba, akwai wani kai da komo mai tsari a cikinta. A 2019 kuma suka yi gwajin da ya fi. Haidirojin shi ne atam mafi sauƙin nauyi, kuma saboda haka yana iya ratsa tudun nan ba tare da ya haura ƙololuwarsa ba, abin da Judith Klinman ta Jami'ar Kaliforniya a Bakli ta nuna yana faruwa a cikin enzayim tun 1989. Wannan ratse ya dogara ƙwarai da tazarar da ke tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Ana gwada shi ta hanyar musanya haidirojin da ɗan'uwansa mai ninkin nauyinsa, a ga yadda saurin aikin ya ragu, a yanayin zafi daban-daban. A FDH na asali, wanda aka samo daga wani nau'in yis, bambancin saurin ba ya damuwa da zafi, alamar tazarar ta riga ta daidaita. Sai masu binciken suka cire wasu manyan tubala daga bangon gurbin suka sa ƙanana, gurbin ya yi sako-sako. Nan take bambancin ya soma bin zafi, kuma girman kai da komon da infared ke gani ya sauya tare da shi. Awo biyu mabambanta, ɗaya na saurin aiki, ɗaya na haske, suka nuna hanya ɗaya.

A can Stanford kuwa, Steven Boxer ya yi wa kalangun wata tambaya dabam. Bai tambayi saurin sauyawar muryar ba, ya tambayi ƙarfin matsin. Ɗakin bincikensa ya daɗe yana auna yadda muryar ɗauri ke sauka gwargwadon ƙarfin lantarkin da ke jan sa, har suka mai da ɗaurin ya zama ma'auni. A 2014 Stephen Fried da Sayan Bagchi da Boxer suka sa wannan ma'auni a gurbin wani enzayim na ƙwayoyin bakteriya da ake kira KSI, mai sarrafa sinadaran da ke dangin homon. Suka tarar ɗaurin kabon da oksijin ɗin da ake son raunanawa yana fuskantar jan lantarki na kimanin bolt miliyan 144 a kowace santimita. Don ka gane girman abin, busasshiyar iska tana tsagewa tartsatsi ya tashi a wajen bolt 30,000 a santimita. Abin da ke cikin wannan ɗan lungu ya ninka haka kusan sau 5,000. Da suka lalata tubalan da ke samar da wannan ja ɗaya bayan ɗaya, ja ya ragu, saurin enzayim ma ya ragu daidai gwargwado. Sun ƙiyasta cewa wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin enzayim ɗin daga nan yake. Wani abu kuma: muryar ɗaurin a cikin gurbin siririya ce, ba ta bazu kamar yadda take yi a ruwa ba. Nan ma dai, wuri ne kafaffe.

Waɗannan sakamako sun faɗo ne a tsakiyar wata muhawara mai zafi. Ɓangare ɗaya, wanda Arieh Warshel ke ja gaba, mutumin da ya raba lambar Nobel ta 2013 da Martin Karplus da Michael Levitt, yana cewa sirrin enzayim shi ne shiri tun kafin baƙo ya iso. A cikin ruwa, sai ƙwayoyin ruwa sun juya sun daidaita kafin su tallafa wa sauyin, kuma wannan juyawa tana cin ƙarfi. Enzayim kuwa ya riga ya jera cajinsa suna fuskantar inda ya kamata. A ganinsa motsi yana nan, amma ba shi ke kawo saurin ba, don ai a ruwa ma ana motsi. Ɗaya ɓangaren, su Klinman da Steven Schwartz da wasu, suna ganin akwai keɓaɓɓun motsi da ke matso da mai bayarwa kusa da mai karɓa, kuma ba za a fahimci enzayim ba sai an lissafa da su.

Ni dai ga inda na tsaya. Aikin Stanford ya ba Warshel gaskiya mai yawa, fiye da yadda abokan jayayyarsa suka so. Mafi yawan ƙarfin daga shiri yake. Amma aikin Ayowa ya nuna cewa shirin nan ba na dutse ba ne. Enzayim sai ya buɗe ya karɓi baƙo, ya rufe, ya lalubo surar da ta dace, sannan ya kafe, kuma ingancin kafewar ana iya auna shi da 'yar karkarwar da ta rage. Rabin rigimar, a ganina, ta samo asali ne daga kalma ɗaya da kowa ke ba ta ma'anarsa. Wani in ya ce motsi yana nufin buɗewa da rufewar da ke ɗaukar kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa, wani yana nufin karkarwar fikosakan. Tsakanin waɗannan biyu akwai ninki biliyan 1. Bai kamata a zuba su a ƙwarya ɗaya ba.

Kuma dole a faɗi iyakar awon. Azayid wakili ne, ba fomet ba. Enzayim ɗin da ya rungume shi ba aiki yake yi ba, tsayawa ya yi a bakin aiki. Sannan ganin abu biyu suna sauyawa tare bai isa hujjar cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. Na'urar ma tana da gajeren numfashi: ɗaurin da aka buga yana sakin ƙarfinsa cikin 'yan fikosakan, daga nan ya yi shiru, duk motsin da ya fi haka jinkiri sai dai a nemi wata hanyar awo. Masu aikin da kansu sun san haka, shi ya sa suke haɗa infared da hoton ekis-re da lissafin kwamfuta.

Na san akwai mai tambaya a ransa, to mu ina ruwanmu? Bari in ba da misali ɗaya, na cutar da ta shiga gidaje da yawa a ƙasashenmu. Ƙwayar cutar HIV tana da enzayim da take kwafar bayanan gadonta da shi, kuma yawancin magungunan da ake sha shi suke tarewa. Matsalar ita ce ƙwayar tana sauya tubali ɗaya ko biyu a aljihun da magani ke zama, kusa da gurbin aiki, sai maganin ya daina kamawa. Akwai wani magani, rilpivirine, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2011, da ya jure wa wasu daga cikin sauye-sauyen da suka kayar da na gabaninsa. Eddy Arnold na Jami'ar Rutgers, wanda ya yi aiki a kan surarsa, ya bayyana cewa maganin yana lanƙwasawa yana gyara zama in aljihun ya sauya. Shi kuma wannan magani, tun a yadda aka ƙera shi, yana ɗauke da naitiril guda 2, ɗaya a kowane hannu. Ba sai an tura ɗan leƙen asiri ba, maganin da kansa yana da murya a zangon shiru, wajen 2,200.

Hochstrasser da Arnold suka haɗa kai suka saurare shi a cikin enzayim ɗin, rahoto na farko ya fito a 2008. A 2013, shekarar da Hochstrasser ya rasu, suka fitar da na biyu. Ɗaya daga cikin naitiril ɗin muryarsa tana sauyawa da irin saurin da ruwa kaɗai ke haddasawa, a cikin aljihun da aka ɗauka busasshe ne. Da aka koma ga hoton ekis-re mai kaifi, sai ga ruwan a wurin, yana riƙe da hannun maganin. Suka gwada a nau'o'in enzayim ɗin da suka sauya tubala don guje wa magani, nan ma suka tarar wannan riƙo na ruwa bai saki ba. Ƙwayar cutar tana iya musanya tubalanta, amma ruwan ba tubalinta ba ne, kuma masu ƙera magunguna na gaba sun samu wani makami da za su sa a lissafinsu.